Madubin Saiti na Bindigar .22: Lambar da Ke Kan Kwali da Wadda Ta Ɓuya a Takarda

Duk wanda ya taɓa zaɓen madubin saiti don ƙaramar bindiga ya san inda ido yake fara sauka: lambobin nan da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. 4x32, 3-9x40, 6-24x50. Abin da ke kafin alamar x, wato ninki, yana faɗin sau nawa madubin yake jawo abu kusa (3-9 na nufin ana iya canza shi daga uku zuwa tara), abin da ke bayanta kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Sai zuciya ta raya wa mutum cewa wanda lambarsa ta fi girma shi ne gwani. A bindigar da ke cin harsashin .22, wato mai ƙwayar da kaurinta yake kusan 0.22 na inci, wannan lissafin ne ya fi kai mutane ya baro. Lambar da ta fi shafar inda harsashi zai sauka sau da yawa ba ta kan kwalin ma, tana can cikin takardar bayani da ƙananan haruffa.

Kafin a kai ga madubi, sai an fahimci harsashin, domin halinsa ne yake yanke komai.

Harsasai iri biyu ne ta fuskar yadda suke kamawa da wuta. Akwai wanda sinadarin kunna albarushinsa yake cikin wani ɗan ƙoƙo a tsakiyar gindin kwanso, allurar bindiga ta doke shi a nan. Manyan bindigogin farauta da na soja duk irinsa suke ci. Akwai kuma wanda aka zuba sinadarin a cikin leɓen kwanson, zagaye da gindi, allura ta murƙushe leɓen wuta ta tashi. Wannan na biyun, mai tashi ta leɓe, shi ne abin maganarmu. Tunda dole leɓen ya zama mai taushi yadda allura za ta iya lotsa shi, kwanson ba ya jure matsi mai yawa, shi ya sa na yau a dangin nan ƙanana ne. Asalinsu yana komawa ga Flobert, wani maƙerin bindiga a Faransa, a 1845. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da .22 Short a 1857, sannan kamfanin Stevens na Amurka ya kawo .22 LR a 1887, wanda har yau shi ne aka fi harbawa a cikinsu. Daga baya aka samu .22 WMR na Winchester a 1959, da .17 HMR na Hornady a 2002.

Ƙwayar .22 LR da aka saba gani nauyinta kusan giram 2.6 ne. Mai matsakaicin gudu tana barin bakin bindiga da kimanin mita 325 a daƙiƙa, wato ƙasa kaɗan da gudun sauti, wanda yake kusan mita 343. Mai saurin tana kai mita 370 zuwa 380. Harsashin babbar bindiga kamar .308 kuwa yana fita da sama da mita 800. Ma'anar wannan ita ce ƙwayar .22 tana ɗaukar kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa kafin ta ci yadi 100, kuma duk tsawon wannan lokacin ƙasa tana janta, iska tana tura ta. Idan an daidaita saiti a yadi 50, mai matsakaicin gudun za ta sauka inci bakwai zuwa takwas ƙasa da inda aka auna a yadi 100. A yadi 200 faɗuwar ta kai wajen inci 50, ta haura ƙafa huɗu. Iskar da ke kaɗawa daga gefe da gudun mil goma a awa tana iya kautar da ita inci huɗu ko biyar a yadi 100.

Abubuwa uku ke nan suka fito. Yawancin harbi da wannan bindiga na kusa ne, tsakanin yadi 15 da 75. Abin da ake hara ƙarami ne: kan zomo, kurege a reshe, ɓera a rumbu, ko ɗigon da bai wuce ƙwayar wake ba a takarda. Wanda kuma ya ce zai matsa nesa, zai yi fama da harsashin da ke lanƙwasa kamar jifa. Madubin da bai amsa waɗannan ukun ba, komai kyan gilashinsa, ba nasa ba ne.

To, ga lambar da ke ɓuya. Masu sana'ar suna kiranta faralaks, ni kuwa zamewar saiti nake ce mata. Wanda ke zaune a gefen direba ya kalli allurar gudun mota zai ga ta nuna wata lamba, direban da ke kallonta kai-tsaye yana ganin wata. Allurar ba ta motsa ba, akwai ɗan tazara ne tsakaninta da fuskar agogon, shi kuma yana kallo daga karkace. Haka abin yake a cikin madubin saiti. Gilasan suna haɗa hoton abin da ake kallo a wani wuri cikin bututun, zaren saiti kuma, wato siraran layukan da ake auna abin hari da su, yana zaune a nasa wurin. In wuraren biyu sun haɗu, ko ka kautar da kai zaren yana nan manne da abin hari. In ba su haɗu ba, da ka ɗan motsa kunci sai ka ga zaren yana yawo a kan abin harin alhali bindiga ba ta motsa ba. Kuma ba sa haɗuwa sai a nisa guda ɗaya tak.

Madubin da aka ƙera don babbar bindiga, in ba shi da wurin gyara wannan, masana'anta kan daidaita shi a yadi 100 ko 150. Wanda aka ƙera don mai tashi ta leɓe kuwa a yadi 50 ko 60 ake ajiye shi. Sau da yawa bambancin madubai biyun ke nan, ko da sun yi kama kamar an tsaga kara.

Ana iya lissafa iyakar ɓarnar. A ɗauki rabin faɗin gilashin gaba, a ninka da bambancin da ke tsakanin nisan abin hari da nisan da aka daidaita madubin, a raba da nisan da aka daidaita. Madubi mai gilashin milimita 40 da aka ajiye a yadi 100, in aka auna abu a yadi 25, kuskuren yana iya kai milimita 15. A yadi 50, milimita 10. Wannan iyaka ce, sai ido ya kauce har bakin gilashi ake samunta. Mai ɗora kuncinsa wuri guda kowane harbi ba zai ga ko rabinta ba. Ga mai harbin barewa milimita goma ba komai ba ne. Ga mai auna kan kurege daga inda ya jingina da bishiya, wuya a murɗe, ita ce tsakanin samu da rashi. A gasar harbin mita 50 ta Olamfik, da'irar maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kacal, ko da yake su can ba a yarda da madubi mai jawo abu kusa ba, da ɗan rami ake saiti.

Na taɓa ciro madubi daga wata babbar bindiga na ɗaura wa .22, na yi makonni ina ɗora laifi a kan harsashi. Na canza iri uku. Yau ramukan su taru, gobe su watse. Ranar da na kafa bindigar a kan buhun yashi, na cire hannu, na riƙa kaɗa kai a bayan madubin ina kallon zaren yana rawa a kan takardar da ke yadi 30, a nan na gane inda gizo ke saƙa. Wannan gwajin bai wuce minti ɗaya ba, kuma kowa yana iya yin sa.

Mafita biyu ce. Ko a sayi madubin da aka daidaita a yadi 50 tun daga masana'anta, ko a sayi wanda ake iya gyarawa. Masu gyaruwar iri biyu ne: mai zobe a gilashin gaba, wanda ake rubuta wa AO, da mai mamurɗi a gefen hagu. Na gefen ya fi daɗin aiki domin ba sai an ɗaga kai daga bindiga ba. Na gaban ya fi sauƙin ƙira, kuma aikinsu ɗaya. Abin dubawa a nan shi ne mafi ƙarancin nisan da madubin yake sauka. Da yawa daga cikin manyan madubai masu tsada suna tsayawa a yadi 50, wanda ga mai .22 tamkar an ba shi tsani ne da babu matakan ƙasa. A nemi mai sauka zuwa 25, in an samu mai kai 10 ya fi. Kada kuma a yarda da lambobin da aka rubuta a jikin mamurɗin ido rufe, kusan-kusan ne. A murɗa har hoto ya fito tas, a kaɗa kai, in zaren ya tsaya cak an samu.

Sai batun ninki, wanda shi mutane suka fi so a yi magana a kai. Ninki yana sayo maka girman hoto, amma da faɗin filin da kake gani yake biya. Madubin 3-9x a ninki uku yana nuna fili mai faɗin ƙafa talatin da wani abu a yadi 100. A ninki tara ya koma wajen ƙafa goma sha biyu. A yadi 25 kuwa, rubu'in wannan, ƙafa uku. Zomon da ya yi tsalle ɗaya ya fita daga gilashi, kafin a sake nemo shi ya shige ciyawa. Ga kuma rawar hannu: bugun zuciya da numfashi duk ninki yana ƙara musu girma a ido, mutum ya ga zare yana kai-komo, sai ya fizgi kunama don ya kama shi a daidai. Ga wanda yake harbi a tsaye ko a durƙushe, ninki huɗu zuwa shida ya ishe shi. Shi ya sa tsohon 4x32 ya daɗe bai mutu ba, kuma 2-7x da 3-9x suka zama gama-gari a farauta. A ganina 2-7x mai gilashi mai kyau ya fi dacewa da ƙaramar bindiga mara nauyi fiye da duk wani abin da ya fi shi girma.

Mai harbi daga kan teburi lamarinsa daban. Bindigarsa tana kwance a kan matashi, abin harinsa ba ya gudu, burinsa ya ga ramin da harsashin .22 ya huda a yadi 50 ko 100 ba tare da ya tashi ba. Shi ninki 18, 24, har 36 yana yi masa amfani. Sai dai a irin wannan ninkin ba a ma maganar madubin da ba a gyara zamewar saitinsa, domin hoton kansa zai dushe in nisan bai dace ba.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da ke haɗa lambobin kwalin biyu. A raba faɗin gilashin gaba da ninki, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke fitowa zuwa ido. 4x32 yana ba da milimita takwas. 3-9x40 a ninki tara yana ba da 4.4. 6-24x50 a ninki 24 kuwa biyu da ɗigo ne. Ƙwayar idon mutum tana tsukewa zuwa milimita biyu ko uku da rana, ta buɗe zuwa wajen bakwai a duhu ga matashi, ƙasa da haka ga mai shekaru. Don haka katon madubin nan da magariba, a cikakken ninki, ya fi ɗan ƙaramin duhu, kuma ya fi wuyar samun wurin ajiye ido. Babban gilashin gaba yana da wani harajin: dole a ɗaga madubin sama don kada ya taɓa bututun bindiga, kunci ya rabu da ƙota, kai ya riƙa lilo, ga zamewar saitin da ake gudu ta dawo ta ƙofar baya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Zaren saiti ma sai an tsaya a kai. Wanda aka fi sani shi ne mai kauri a gefe da siriri a tsakiya, wanda kamfanin Leupold ya fito da shi a 1962 da sunan Duplex. A cikin duhuwar ganye kaurin yana jan ido zuwa tsakiya, ga farautar kusa babu kamarsa. Matsalarsa ita ce a wasu madubai sirantar tsakiyar ma tana rufe ɗigon da ake hara. Akwai kuma masu ɗige-ɗige a ƙasan mahaɗa, da aka ce wannan na yadi 75 ne, wancan na 100, na gaba na 125. Suna da amfani, amma da sharaɗi biyu da ba a cika karantawa ba. An zana su ne bisa gudun harsashi iri ɗaya, yawanci mai saurin, in aka sa mai matsakaicin gudu ɗigon ya yi ƙarya. Sannan a mafi yawan madubai zaren yana bayan gilasan da ke ninka hoto, girmansa ba ya canzawa, saboda haka ɗigon ba ya faɗin gaskiya sai a ninki guda, galibi mafi girma. A rage ninki zuwa rabi, tazarar kowane ɗigo ta ninka biyu a kan abin hari. Madubin da zarensa yake gaban waɗannan gilasai, wanda ake rubuta wa FFP, zaren yana girma tare da hoto, ma'auninsa daidai yake a kowane ninki. Kuɗinsa ya fi, kuma a ƙaramin ninki zaren yakan sirance har ya kusa ɓacewa. Mai gasa yana buƙatarsa, mai farautar kurege ba lalle ba.

Ma'aunin da ake gyara saiti da shi iri biyu ne. MOA kashi ɗaya ne cikin sittin na digiri, yana daidai da inci 1.047 a yadi 100, a ce inci ɗaya. A yawancin mamurɗan gyara saiti, kowane ƙas ɗaya da ake ji in an murɗa rubu'in MOA ne. A nan sabon mai .22 yake ruɗewa: an rubuta rubu'in inci a yadi 100, shi kuma a yadi 50 yake saiti, inda kowane ƙas rabin haka ne, a yadi 25 kuma rabin rabin. Harsashin da ya kauce inci ɗaya a yadi 25 ƙas goma sha shida yake nema. Mutum ya murɗa huɗu, ya ga ba abin da ya canza, ya ce madubi ya lalace. Ɗaya ma'aunin shi ne mil, santimita goma a mita 100, kowane ƙas santimita ɗaya. Babu wanda ya fi wani daidai. Abin gudu kawai shi ne madubin da zarensa yake mil mamurɗinsa yake MOA, wanda zai sa mutum lissafin 3.44 a ka alhali iska tana sauyawa.

Ga masu matsawa nesa, musamman tun da gasanni irin su NRL22 suka yaɗu a Amurka, akwai tambayar da ba ta taɓa damun mafarauci ba: nawa ne iyakar abin da mamurɗin sama yake iya ɗagawa? Daga saitin yadi 50, harsashi mai matsakaicin gudu yana neman wajen MOA 25 don ya kai yadi 200, ya haura 45 a yadi 300. Madubin da aka rubuta yana da MOA 60 gaba ɗaya, rabi ne yake sama rabi ƙasa, wato talatin ke hannu, ƙila ma ƙasa da haka bayan an yi saitin farko. A nan madubi mai bututu mai kauri yake shigowa. Ana yin na inci ɗaya, da na milimita 30, da na 34. Ana yawan cewa mai kaurin ya fi shigar da haske, amma ainihin ribarsa ita ce fili da kayan ciki suke samu su motsa. Wata dabarar ita ce gadon ɗauri mai gangare, na MOA 20 ko 30, wanda ke sunkuyar da madubin gaba tun daga ɗauri, ya maida abin da ake asara a ƙasa zuwa sama. In gangaren ya yi yawa ga madubin, sai a kasa yin saiti a kusa. Masu irin wannan harbin sun fi son harsashin da bai kai gudun sauti ba, irin na kamfanin Eley na Ingila ko Lapua na Finlan, domin mai saurin yakan ɗan tangaɗa lokacin da gudunsa ya faɗo ta kan iyakar sauti a hanya.

Mai .17 HMR bai shiga wannan wahalar sosai ba. Ƙwayarsa giram 1.1 ce, tana fita da wajen mita 775 a daƙiƙa, in an yi saiti a yadi 100 faɗuwarta a 200 ba ta wuce inci tara ba. Shi madubin 4-12x ko 4-16x mai gyaruwa ya dace da shi, tunda yana harbin ƙananan abubuwa daga nesa.

Shuri kuwa, wato dukan da bindiga ke yi baya in an harba, .22 kusan ba ta da shi. Ba a fargabar madubi ya daki gira, kuma ba a buƙatar wanda aka gina don jure dukan babbar bindiga. Wani gargaɗi dai: kada a ɗauka madubin da ya zauna lafiya a .22 zai rayu a bindigar iska mai sifirin. Ita tana shuri baya sannan ta fizga gaba, kuma wannan fizgar tana wargaza cikin madubin da ba a ƙera don ita ba.

Rashin shurin ne yake sa wasu su ce kowane madubi ma ya yi. Araha ba ta ado. Mai .22 yana harba ɗaruruwa a yini guda, ya fi mai babbar bindiga daɗewa da ido a gilashi nesa ba kusa ba, gilashi mai hazo kuma ciwon kai yake kawowa. Inda madubin banza ya fi tona kansa shi ne mamurɗi. Gwajinsa: a harba uku, a murɗa ƙas ashirin sama a harba, ashirin dama, ashirin ƙasa, ashirin hagu, duk ana auna ɗigo ɗaya. Ramukan su zana murabba'i, na ƙarshe su faɗa kan na farko. Wanda zai yi saiti sau ɗaya ya rufe murfi yana iya haƙuri da mamurɗi mai ɗan kuskure. Wanda zai riƙa murɗawa kowane nisa ba zai iya ba.

Ɗauri shi ne inda ake zubar da duk abin da aka tara. Bindigogin .22 da yawa suna da tsagi biyu a saman jikinsu inda zobba suke kamawa. Na Amurka faɗinsa kashi uku cikin takwas na inci ne, na Turai, irin na CZ da Anschütz, milimita 11. Suna kama da juna, amma faɗi da kusurwar tsagin sun bambanta, zoben wannan a kan wancan yakan zauna a karkace ko ya riƙa zamewa. Wasu kuma, irin Ruger 10/22 da ta fito a 1964, ramukan sukuru gare su, ana ɗaura musu gadon Weaver ko Picatinny. Jikin 10/22 na alminiyam ne, wanda ya ɗaure sukuru da ƙarfin tsiya zai cinye zaren ramin. Zobban kansu ma ba ƙarfi suke so ba, matsi mai yawa yana lotsa bututun madubi har mamurɗin gefe ya daina juyawa daidai. A zaɓi mafi gajartar zoben da zai bar gilashin gaba bai taɓa bututu ba, hannun sakata kuma, in bindigar mai sakata ce, ya wuce bai goge gilashin baya ba.

Tazarar da ke tsakanin tsakiyar madubi da tsakiyar bututun bindiga, wajen inci ɗaya da rabi, tana da nata tasirin a kusa-kusa. A yadi biyar harsashi bai gama hawowa layin ido ba, zai sauka wajen inci ɗaya ƙasa da zare. Mai korar ɓeraye ya kamata ya gwada wannan a takarda tukuna. Haka kuma ido yana iya ganin hanya a buɗe ta cikin gilashi alhali bakin bindiga yana fuskantar reshe ko bakin katanga.

Zoben da ke gilashin baya, kusa da ido, ba na abin hari ba ne, na zaren ne. A cire harsashi, a fuskanci farin bango, a leƙa na daƙiƙa ɗaya a kau da kai, a murɗa, a sake leƙawa, har zaren ya fito baƙi wuluk tun kallon farko. In an daɗe ana kallo ido zai gyara da kansa ya ruɗi mai shi. Da an samu, a bar shi haka.

Madubin saiti kuma ba na leƙen abin da ba a tantance ba ne, tunda duk inda ya kalla bakin bindiga ya kalla, don wannan aikin sai a rataya madubin hangen nesa na hannu. Ƙwayar .22 LR da aka harba sama tana iya tafiya fiye da mil ɗaya, kuma ta shahara da tsalle in ta daki dutse, ƙasa mai tauri ko fuskar ruwa. A ninki tara, ƙafa ukun nan ne kaɗai ake gani a yadi 25, abin da ke gefe da abin da ke bayan kuregen sai an ɗaga kai an duba da ido biyu kafin yatsa ya je kan kunama.